Filin Lambun Gida: Jan itacen Japan da yanayin Zariya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan duk a kan itace ɗaya suke, wato mapul na Japan, mai jan ganyen nan mai yatsu da ake yawan gani a hotunan waya. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama gyaran gida, na bar fili kamar taku goma a gaban falo. Na ga hoton mapul na Japan ja wur, raina ya biya. An ce iri-iri ne. Wanne zan zaɓa da zai dace da Zariya? (Wata Hajiya daga GRA)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu irin da za mu ce ki zuba kuɗinki a kansa ki dasa a ƙasa a nan Zariya, kuma ga dalili.

Itacen nan, wanda masana tsirrai ke kira Acer palmatum, asalinsa dazuzzukan Japan da Koriya ne, inda yake tasowa a inuwar manyan itatuwa, a ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye. Dangin wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada ne. Idan kaka ta yi a can, yini ya gajarta, dare ya yi sanyi, sai ganyensa ya rine ya zube, itacen ya shiga barci. Ba ya farkawa da ƙarfinsa sai ya sha sanyin da bai haura digiri 7 ba na ɗaruruwan awanni. Wannan sanyin ne ke buɗe idanun toho su fito tare idan ɗumi ya dawo.

Zariya tana kan tudun da ya haura mita 600 daga teku, shi ya sa hunturunmu ke da cizo. To amma ko a tsakiyar Janairu, da asuba, ma'auni kan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15, kuma kafin azahar ya doshi 30. Mu muna rawar ɗari, shi kuwa itacen bai ji an taɓa shi ba. Haka ma tsawon yini: a Tokiyo bambancin yinin Yuni da na Disamba ya kusa awa biyar, a nan kuwa awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Duk alamomin da ke gaya masa lokacin hutu ya yi, babu su a wurinmu. Abin da kan faru shi ne, shekarar farko ya yi kyau da ƙarfin da ya zo da shi. Ta biyu toho ya fito jefi-jefi, ganye ƙanana, ƙarshen rassa na bushewa. Daga nan sai ya riƙa ja da baya har ya tafi.

Matsala ta biyu iska ce da zafi. Ganyen mapul siriri ne, saiwarsa kuma kananan zare ne a sama-sama. Idan iskar hunturu ta kaɗa, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ko zafin Maris da Afrilu ya kai digiri 37, ganyen na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa. Sai gefensa ya ƙone ya naɗe, ko da ƙasar a jiƙe take. Nan ne mutane ke ƙara ban ruwa, su haɗa masa da ruɓewar saiwa.

Za ki ga an rubuta cewa wasu nau'o'in mapul, irin su Tamukeyama da Seiryu da Bloodgood, suna jure zafi. Haka ne, amma an rubuta wannan ne don wurare irin kudancin Amurka, kamar Jojiya, inda bazara ke da zafi amma sanyin hunturu ke daskarar da ruwa. Jure zafi daban, rayuwa ba tare da sanyi ba daban. Filin naki zai yi kyau da abin da muka bayyana a amsa ta uku da ta ƙarshe.

Tambaya: Na sayi irin mapul ta intanet, fakiti uku: ja, ruwan lemo da shuɗi. Na shuka tun wata biyu, ko ɗaya bai tsiro ba. Me na yi ba daidai ba? (Wani malami daga Samaru)

Amsa: Malam, fara da na shuɗin: babu mapul mai shuɗin ganye a duniya, hoton da kwamfuta aka rina shi. Duk mai sayar da shi, ka yi shakkar sauran kayansa.

Irin mapul na gaskiya yana da fiffike guda siriri, kuma a jikin uwa biyu-biyu yake fitowa a manne. Ba ya tsiro sai ya ji sanyi. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi awa 24, a cuɗa shi da yashi mai danshi, a ɗaure a leda, a sa a firji a ɓangaren kayan miya, ba wurin ƙanƙara ba, na kwana 90 zuwa 120. Duk mako a buɗe a duba. Wanda ya fitar da farar saiwa a shuka shi a zurfin santimita 1. Irin da ya daɗe a bushe da wuya ya tsiro ko an yi masa duk wannan.

Ka kuma sani cewa nau'o'in da ke da suna, waɗanda yawansu ya haura dubu, ta hanyar aure ake yaɗa su, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ƙwallon mangwaro mai aure ba ya ba ka irin uwarsa, to haka nan ma. Irin da aka tsinta a jikin jan mapul yana iya fitowa kore.

Tambaya: Wani mai fulawa a bakin titi ya sayar mini da shuka ya ce mapul ce ta Japan. Ganyenta ja ne mai yatsu. Cikin damina ɗaya ta kai ƙirjina, yanzu kuma tana fure kamar na yakuwa. Ita ce kuwa? (Wata 'yar'uwa daga Hanwa)

Amsa: Ba ita ba ce, 'yar'uwa, amma kada ki tumɓuke ta, domin kin dace da abin da ya fi mapul amfani a gidanki.

Ga yadda ake ganewa. A jikin mapul, ganye biyu-biyu suke fitowa daga gaɓa ɗaya suna fuskantar juna. A jikin shukar taki za ki ga ɗaya nan, ɗaya can sama a ɗaya gefen. Mapul mai nawa ce wajen girma, da ƙyar take ƙara santimita 30 zuwa 50 a shekara, kuma furenta ƙanƙane ne har ba a lura da shi. Wadda ta kai ƙirji a damina ɗaya tana fure irin na yakuwa, alamu sun nuna Hibiscus acetosella ce, 'yar'uwar yakuwa da rama, kuma 'yar Afirka ce. Abin sha'awa, a ƙasashen da mapul ke yi ma ana shuka ta saboda kamar da take yi da shi.

Akwai wata da ake rikita su da ita, jan bini-da-zugu. Shi ganyensa ya fi faɗi, sandar ganyen na da gashi mai danƙo, furensa ƙanana ne jajaye, 'ya'yansa kuma guba ne ga yara da dabbobi. Idan kin taɓa sandar ganye kin ji tana manne wa yatsa, ki raba shi da inda yara ke wasa.

Kulawar shukar taki ba wuya. Tana son rana sosai. A inuwa jan yana dusashewa ya koma kore-kore, jikin ya yi tsawo ba ganye. Idan ta kai santimita 30 a tsinke kanta, idan rassan da suka fito suka yi kamar tsawon tafin hannu a sake tsinke nasu. Wannan ne ke sa ta cika ta yi dumu-dumu maimakon ta miƙe sanda ɗaya iskar farkon damina ta kwantar da ita. Shukar taki da ta riga ta yi tsawo, a bari ta gama fure, a datse ta a daidai gwiwa, a zuba mata ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, a ci gaba da ban ruwa sau biyu ko uku a mako. A bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin gindi da gindi. Guda biyar ko bakwai a dunƙule sun fi ɗaya tilo ɗaukar ido. Kada a cika mata yuriya, tana sa jiki ya yi laushi, darɓa ta taru.

Ba mai tsawon rai ba ce, bayan shekara biyu takan tsufa ta yi ƙwarangwal. Don haka duk farkon damina a yanki rassa masu tsawon santimita 15 zuwa 20, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsu cikin yashi mai danshi a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku sun yi saiwa. Awaki suna sonta kamar yadda suke son yakuwa, sai an killace.

Tambaya: Yayana ya kawo mini ƙaramin mapul ɗan aure daga waje, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Na ji duk abin da ake faɗa, amma ina so in gwada. Ku faɗa mini yadda zan yi iyakar ƙoƙarina. (Wani matashi daga Tudun Wada)

Amsa: Madalla, ɗan'uwa, tunda ka san gwaji ne. Kafin komai, tunatarwa ga mai niyyar yin haka nan gaba: shigo da shuka mai rai yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, tare da takardar lafiyar shuka daga ƙasar da aka ɗauko ta. Dokar na kare gonakinmu ne daga baƙin cututtuka.

Kada ka dasa shi a ƙasa. A tukunya zai zauna, don ka iya ɗauke shi daga wuri zuwa wuri. Nemi tukunyar ƙasa wadda faɗinta bai fi na saiwarsa da santimita 5 a kowane gefe ba, a huda mata ƙofa huɗu ko biyar a gindi. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa. Tukunya mai girma da yawa kuma tana riƙe ruwan da saiwar ba ta kai gare shi ba, ƙasar ta yi tsami ta ruɓe.

Haɗin ƙasa: kashi biyu ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙi, kashi ɗaya yashi mai gwaɓi da aka wanke, kashi ɗaya tsakuwar marmara ƙanana da aka tankaɗe aka zubar da garinta. Yana son ƙasa mai ɗan tsami, awon pH 5.5 zuwa 6.5, saboda haka ban da toka, ban da farar ƙasa, ban da ɗanyen kashin kaji. Kada ka ɗebo ƙasa daga inda aka yi tumatir ko gauta ko auduga. Akwai cutar bushewa da ke zama a irin wannan ƙasa tana toshe hanyar ruwa a jikin itace, kuma mapul na cikin waɗanda take kamawa. Wajen dasawa, gaɓar auren ta kasance a sama da ƙasa. Duk reshen da ya tsiro ƙasa da wannan gaɓa a cire shi da wuri, na gindin ne, idan aka bar shi zai rinjayi na saman.

Wurin ajiya: gabashin ɗaki, inda rana za ta same shi daga fitowarta zuwa ƙarfe goma, sannan inuwa har yamma. A ɗora tukunyar kan katako ko bulo biyu, kada ta taɓa siminti ko tayil mai zafi, kuma a nisanta ta da bangon da ke shan ranar yamma. Da hunturu, a kare ɓangaren arewa maso gabas da zana ko asabari, don daga can iskar ke zuwa.

Ban ruwa da yatsa ake auna shi. Soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu. Idan ka ji danshi ka bari, idan ya bushe ka zuba har ruwa ya fito ta ƙasa. Ruwan sama ya fi, ka tara shi a duro. Idan ka ga farin gishiri na taruwa a bakin tukunya, ruwan da kake amfani da shi ne ke kawo shi, sai ka riƙa wanke ƙasar da ruwa mai yawa sau ɗaya a wata. A Agusta, lokacin marka, a janye shi ƙarƙashin rumfa idan an jera kwanaki ana ruwa. Taki kaɗan yake so: rabin ƙaramin cokali na kamfa a gefen tukunya a Yuni, a sake a Yuli, shi ke nan. Da rani ƙura kan jawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa a bayan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari. Wanke bayan ganyen da ruwa da safe sau biyu a mako yana rage su.

Saura babban aikin, wato ƙirƙira masa sanyi. Wasu masu renon ƙananan itatuwa a ƙasashe masu zafi firji suke sa shi. Shawararmu ita ce a daidaita lokacin da yanayinmu. A bar shi waje Disamba da Janairu ya sha sanyin dare, a daina taki tun Agusta, a rage ruwa. Farkon Fabrairu a yanke ganyen da ya rage da almakashi, a bar guntun sandar ganyen don kada a ji wa idon toho rauni. A jiƙa ƙasar kaɗan, a sa tukunyar a leda mai 'yan huji, a ajiye a firji a digiri 2 zuwa 5 har kamar wata uku. A duba danshi duk mako biyu. Kada a haɗa shi da tuffa ko ayaba, iskar da suke fitarwa yayin nuna tana lalata toho. Kada kuma a sa shi a firiza, digiri 18 ƙasa da sifili zai kashe saiwar. A fito da shi a watan Mayu idan ruwa ya fara sauka, a ajiye a cikakkiyar inuwa mako biyu kafin a mayar da shi gabas. Ta haka ya tsallake Maris da Afrilu gaba ɗaya yana barci. Da za a sa shi a Disamba a fito da shi a Maris, sabon ganyen zai faɗa tsakiyar zafin bazara ne.

Sharaɗin duk wannan shi ne wutar da ba ta yankewa. Firjin da ke ɗumama rabin yini ba ya tara masa sanyi, yana ma iya tada toho a cikin duhu. Idan ba ka da sola ko batir da zai riƙe firjin wata uku, ka san da haka tun yanzu. Kuma ko komai ya tafi daidai, kada ka sa ran jan kaka irin na hoto. Wannan launi sai da rana mai haske da dare mai sanyi ƙwarai.

Tambaya: 'Yata tana aure a Ingila, sun sayi gida mai ɗan fili a baya. Ta ce in tambayar mata nau'in mapul ɗin da za ta saya. (Wani dattijo daga Ƙofar Doka)

Amsa: Allah ya sanya alheri, Baba. A can kam mapul yana yi sosai, sai dai ta duba abu uku kafin ta duba launi: girman filin, yawan ranar da yake samu, da iska.

Idan filin na da faɗi kuma tana son itace miƙaƙƙe, Bloodgood yana kai mita 4 zuwa 6, jan ganyensa mai duhu ne kuma yana riƙe launinsa. Osakazuki kore ne duk bazara, da kaka ya koma ja mai haske. Sango-kaku kuwa rassansa ne ke yin ja, don haka yana da kyau ko bayan ganye ya zube. Idan filin ƙarami ne ko a tukunya za ta sa, Shaina ba ya wuce mita 2, Crimson Queen kuma rassansa ƙasa suke zubowa, faɗinsa ya fi tsawonsa, a bar masa mita 3.

Masu jan ganye suna buƙatar rana ta wasu awanni, in ba haka ba su koma kore. Masu ganye ruwan ɗorawa ko mai ratsin fari, kamar Butterfly, sun fi son inuwa. Masu ganye yankakke siriri su ne iska ta fi ƙonawa, a sa su a lungun da shinge ya kare. Idan unguwarsu na samun daskarewar sanyi a ƙarshen Afrilu, ta guji Katsura mai saurin toho, ta nemi Emperor I mai jinkiri. Wasu sassan kudancin Ingila ƙasarsu mai alli ce, ganye kan yi fari-fari a kanta. A irin wannan wuri tukunya ta fi. Lokacin dasawa daga Oktoba zuwa Maris ne, muddin ƙasa ba ta daskare ba.

Tambaya: Ni siffar itacen ce ta burge ni, yadda rassansa ke hawa-hawa. Akwai itacen da zai ba ni haka a harabar gida a nan? (Wani Alhaji daga Palladan)

Amsa: Akwai, ranka ya daɗe. Terminalia mantaly, ɗan asalin Madagaska wanda masu fulawa ke kira ambarela, rassansa a shimfiɗe suke hawa bisa hawa, ganyensa ƙanana, kuma yana jure raninmu idan ya kafu. Aibinsa saiwa ce mai bin sama tana ɗaga daɓe da intalok, saboda haka a nisanta shi da katanga da sokawe da aƙalla mita 6. Ɗan'uwansa mai faɗin ganye, Terminalia catappa, wanda ake yawan gani a harabar makarantu, shi ne ke yin abin da ya fi kusa da kakar Japan a nan: da rani ganyensa kan rine ja kafin ya zube. Shi ma yana son fili, da mai shara.

Ga filin da bai wuce taku goma ba irin na Hajiya, waɗannan sun yi girma. A nan sai a haɗa jar Hibiscus acetosella a tsakiya da akalifa mai ganye ruwan tagulla a gefe. Mai son ƙaramin itace a kasko kuma ya gwada tsamiya ko cediya. Suna karɓar datsa da lanƙwasa, ba sa neman firji.

Manyan itatuwan a dasa su a Yuni idan ruwa ya zauna. A haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, a ware ƙasar sama daban, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen takin shanu kwanon sarki ɗaya, a mayar. Idan an tarar da marmara a ƙasan ramin a fasa ta da diga, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta a ciki. A yaga ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a leda, a kafa masa turke. Takin da bai gama ruɓewa ba da busasshiyar ciyawa da ta taɓa gindi su ke gayyato gara, don haka idan za a lulluɓe ƙasa a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen. Raninsa na farko, daga Nuwamba zuwa Mayu, a ba shi bokiti biyu sau biyu a mako.